Tarin Tsohuwar Mota a Abdulkafi

A gidanmu tun muna yara aka raba mana kayan aiki: ni aka ba ni baki, Yayana aka ba shi kunne. Ni na ƙare a gidan rediyo ina cin abinci da surutu, shi kuwa ya ƙare a ƙarƙashin mota. Ya koyi kanikanci a wajajen Ƙofar Ruwa a Kano, a hannun wani dattijo da ya tashi da Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta harhaɗawa a Kaduna tun 1975. Dokar dattijon guda ɗaya ce, in ji Yaya: duk yaron da ya ɗauki sifana kafin a tada injin a saurare shi, ranar ba shi da kuɗin abinci.

Bana shekararsa tara a Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya. Ya bi hanyar da kowa ya sani: Agadas, Dirku, Madama, a tsallaka iyaka, a wuce Gatrun. Yawancin waɗanda suka hau bayan Hilux tare da shi teku suka nufa. Shi da ya iso Sabha ya ga motocin garin sun fi ƙarfin masu gyaransu, sai ya sauke jakarsa. Yana aiki a garejin wani Balarabe a unguwar Abdulkafi, abin da aka samu a raba. Garejin kuwa kasuwar harsuna ce. Shi ya ce filogi, yaronsa ɗan Damagaram ya ce buji. Larabawan kuma da kalmomin Italiya suke kiran sassan mota, gadon mulkin da aka yi musu daga 1911 zuwa 1943: taya ita ce goma, birki firino, salansa marmita. Shi kansa ba mai kiran sunansa, usta suke ce masa, wato gwanin sana'a.

A bara, zafi ya fara kankama, aka turo masa wata BMW 325i mai ƙofa biyu, ƙirar 1994, ja wadda rana ta cinye launinta. Samarin Libiya suna son irin waɗannan tsofaffin motocin na Jamus domin tayoyin baya ne ke tura su, don haka suna daɗin wasan jan gindi a kan kwalta. Injinta mai silinda shida ne a jere, lita 2.5, da ƙarfin doki 192 ranar da ta fito daga masana'anta. Mai ita saurayi ne ɗan wani babban gida, ƙorafinsa kuma biyu ne da ya haɗa ya mai da su ɗaya. In tana tsaye injin yana aiki sai ta riƙa karkarwa, wani lokaci ta mutu a mahaɗar titi. In kuma an hau hanya an take totur, sai ta toge kamar an riƙe mata wutsiya. Gareji biyu ta shiga kafin nan. An canja mata filogi shida, an canja kwayil shida, an sa mata wata na'urar auna iska ta hannu. Kuɗi sun tafi, tari yana nan.

Wanda bai san Sabha ba zai ce mene ne abin ɗaga hankali a nan, mota ta lalace a gyara, in ba ta gyaru ba a mayar wa mai ita. To, gari ne da bindiga ta yi yawa a hannun jama'a tun bayan 2011, gari ne da a 2017 hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ba da rahoton ana cinikin baƙin haure a cikinsa. Baƙon da ba shi da takardu ba shi da ofishin kai ƙara. Ba ina cewa duk mai mota azzalumi ba ne. Yaya yana da abokan ciniki da ke kawo masa dabino da naman layya. Amma Bahaushe ya ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Haushin gareji biyu na farko yana nan a cikin saurayin, kuma a kan hannu na ƙarshe da ya taɓa motar zai sauke shi. A watan ne kuma muke haɗa kuɗin aikin yanar idon Inna, kason Yaya shi ne mafi tsoka.

Daren ranar ya turo mini saƙon murya ta WhatsApp, daƙiƙa arba'in na ƙarar injin, sannan nasa bayanin: "Ɗan jarida, ga baƙo na kawo maka cikin shirinka. Saurara da kyau ka gaya mini, tarin nan a kan ƙa'ida yake zuwa ko a hargitse?"

Bayan na sauka daga shirin dare na ɗora sautin a kwamfutar da muke tace murya, na buɗe shi na faɗaɗa. Lissafin ba shi da wuya. Injin mai silinda shida yana tashin wuta sau uku a kowane juyi. In yana tsaye yana juyi 700 a minti, wuta 35 ke nan a daƙiƙa guda. Da silinda ɗaya ce ta mutu, giɓin zai riƙa dawowa sau ɗaya a kowane juyi biyu, kusan sau shida a daƙiƙa, daidai wa daida kamar takun gurgu. Abin da na gani a allon ba haka yake ba. Sautin yana hawa yana sauka yadda ya ga dama, wani giɓin kusa da wani, wani da nisa. Na gaya masa. Ya ce, "Haka na ji. Shaida nake nema."

A kan wannan tambayar ce duk aikin ya rataya, kuma ita ce ba a yi ba a garejin farko da na biyu. Ciwon da ke zuwa a kan ƙa'ida ciwon silinda ɗaya ne: filoginta, ko kwayil ɗinta, ko nozul ɗinta, ko bawul. Ciwon da ke zuwa a hargitse kuwa na abin da su shidan suke tarayya a kai ne, wato iskar da suke shaƙa ko man da suke sha. A wannan injin kowace silinda da kwayil ɗinta, kuma da wuya shida su haɗa baki su lalace rana ɗaya. Waɗanda suka canja su sun ba mai ciwon ciki maganin ciwon kai.

Da safe saurayin ya zo yana cewa a sa mata kwamfuta. Nan ma akwai magana. Ramin nan mai baki 16 da ake cusa wa na'urar bincike a ƙarƙashin sitiyari, Amurka ta wajabta shi ne daga 1996, Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur. Wannan motar ta girme shi. Nata ramin zagayayye ne mai baki 20 a ɗakin injin, kuma ko an samo mahaɗinsa, ƙwaƙwalwar motar ta wancan zamani ba ta da yawan magana. Ni ban ƙi na'ura ba, da ita nake aiki kullum. Abin da na fahimta daga Yaya shi ne, na'urar tana faɗa maka wane ɗan aike ne ya kawo ƙara, ba ta faɗa maka mai laifi. Ma'aunin da ke cikin salansa zai ce mai ya yi kaɗan, sai raggon bakanike ya cire ma'aunin ya sa sabo. Mu 'yan jarida mun san irin wannan shari'ar, a bar wanda ya yi ɓarna a kama wanda ya ba da labari.

Bai fara da abin da yake zargi ba. Ya fara da tambayar da in amsarta ta yi muni sauran aikin ɓata lokaci ne: injin nan yana da rai kuwa? Ya cire filogai, ya ɗaura agogon auna matsi a kowace silinda, yaronsa yana ba da sitata. Duk shidan suka tsaya tsakanin ba 11 da 12. Ba yawan adadin ne ya fi damunsa ba, kusancinsu da juna yake dubawa. Da ɗaya ta faɗi ƙasa sosai, da sai ya ɗiga mata ɗan baƙin mai ya sake aunawa: in ta tashi ringi ne, in ba ta tashi ba bawul ne ko gasket. Bai kai ga haka ba. Fistin da ringi da bawul lafiyarsu ƙalau, abin da ke nufin ba za a sauke injin ba.

Sai ya jera filogan shida a kan kwali bisa tsarin da ya ciro su. Filogi ba ya ɓoye abin da ya gani. Mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne kamar shayi da madara. Baƙi mai busasshen kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa. Baƙi mai maiƙo yana nufin baƙin mai yana shiga inda bai kamata ba. Waɗannan, duk da sababbi ne, bakinsu ya yi fari kamar tokar murhu, dukansu shida. Iska ta fi mai, kuma a ko'ina. Salansa ma ta ba da tata shaidar ta hanyar yin shiru: babu baƙin hayaƙin mai, babu shuɗin hayaƙin baƙin mai, babu farin tururi mai ɗan zaƙi-zaƙi na ruwan lagireto.

Daga nan ya ɗauko kayan aikin da ya fi yarda da shi, wato guntun tiyon ban ruwa. Baki ɗaya a kunnensa, ɗayan yana yawo da shi a jikin injin da ke aiki. A ƙarƙashin babban bututun da ke raba wa silindoji iska, inda hannu ba ya shiga sai da dabara, ya ji wani siririn fito. Wani ɗan tiyon roba ne da ke kai iskar da injin ke shaƙa in ba a taka totur ba. Ya tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Ba laifin kowa ba ne. Babu robar da za ta yi shekara talatin, rabinsu a zafin Sahara, ta zauna yadda take.

Ga yadda ya fassara mini. Motar tana ƙirga iskar da ta shigo ta ƙofar gida, sannan ta auna mata mai daidai ita, kusan awo ɗaya na mai ga awo 14.7 na iska. Iskar da ta shigo ta tsaga ba wanda ya ƙirga ta. Kamar gidan biki ne da aka dafa abinci daidai yawan masu katin gayyata, sai wasu suka haura ta katanga. Kowa zai ci, ba mai ƙoshi. Ƙwaƙwalwar motar tana jin yunwar, sai ta ƙara mai, ta wuce gona da iri, ta rage, shi ne hawa da saukar da na gani a allona.

Ya samo tiyon a jikin wata matacciyar mota irinta, ya sa. Injin ya kwanta lamo, har ya turo mini sabon sauti don in ji bambanci. Saurayin ya yi murna, ya zaro kuɗi, ya miƙo hannu a ba shi makulli. Yaya ya hana.

Wannan wurin ne na fi yawan tunawa a duk labarin. Ga kuɗi a gabansa, ga mai mota ya gamsu, ga Inna tana jira, ga shi baƙo a garin da musu da ɗan gari ba ƙaramin abu ba ne. Amma lissafinsa bai cika ba. Lokacin da ba a taka totur ba, ƙofar iska a rufe take, injin yana zuƙa da ƙarfi, don haka 'yar tsaga takan zama babbar hanya. Da an take totur ƙofa ta buɗe gaba ɗaya, iskar tsagar ba ta kai a kula da ita ba. Ke nan tsagar ta amsa tambayar karkarwa a tsaye, amma ba ta amsa tambayar togewa a guje ba. Ciwo biyu ne suka shigo da riga ɗaya. Ya ce masa da Larabcinsa na gareji, "Rabi na gyara. In ka tafi da ita yau, za ka dawo mini da ita a kan igiya."

Ba tsoratarwa ba ce. Injin da ake tilasta wa gudu alhali mai bai ishe shi ba yana ƙonewa da zafi fiye da kima. Zafin nan yana cin bakin bawul, yana iya huda kan fistin. Mako biyu na wasan samari ya isa. Kuma da hakan ta faru, ba wanda zai tuna da gareji biyu na farko.

Ya haɗa agogon auna matsin mai a bututun da ke ciyar da nozul, ya zaro shi ta gefen bonet ya ɗaure a jikin gilashi inda zai riƙa gani. Suka fita bayan gari ta hanyar Ubari, saurayin yana tuƙi. A hankali allura tana zaune. Da aka sa giya ta uku aka take, inda ya kamata ta tsaya a ba 3.5, sai ta riƙa zamewa har ta kusa 2, a daidai lokacin kuma motar ta toge. Ba wuta ba ce, ba iska ba ce. Mai ne ba ya isowa.

Suka dawo ya ciro matatar mai ya yanka ta da zarto. Jan yashi, tsatsa, da ɗigon ruwa. A nan labarin motar ya zama labarin garin. A hukumance litar fetur a Libiya dinari 0.15 ce, tana cikin mafi arha a duniya, kuma rijiyoyin Sharara, mafiya girma a ƙasar, suna nan cikin Fezzan kusa da Ubari. Amma gidajen man kudu sukan yi kwana da kwanaki a rufe, jama'a su koma saye a bakin titi da tsada ninki-ba-ninki, daga jarka da durom da ba a san me suka taɓa ɗauka ba. Ga iskar gibli da ke tasowa daga kudu tana cusa ƙura a duk abin da aka bari a buɗe. Mu da muka saba da 'yan bumburutu a Kano ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ƙarancin yana da wata illa ta biyu: mutum yakan sayi lita biyar-biyar, tanki kullum a ƙasa. Famfon man wannan motar kuwa a cikin tanki yake, ƙarƙashin kujerar baya, kuma man da yake ninƙaya a ciki shi ke sanyaya shi. Da Yaya ya ɗaga kujerar ya ciro shi, ragar bakinsa ta toshe da laka, shi kansa ya gaji. Ya ce tun ranar farko da aka murɗa makulli ya ji yana kuka da wata siririyar murya, ya ajiye abin a ransa har sai agogo ya tabbatar.

Famfo mai kyau sai daga Tarabulus, tafiyar fiye da kilomita 700, kuma kwana huɗu ya ɗauka kafin ya iso a motar kaya. Kwana huɗun nan Yaya a garejin ya kwana, tabarmarsa a gefen motar, don kada a wayi gari wani abu ya ɓace a jikinta a ce shi ne. Kullum da yamma saurayin sai ya zo ya tsaya, ba sallama, ya kalli motarsa da kujera a cire, ya tafi. A rana ta biyu Yaya ya zuba dattin da ya fito daga matatar a ɗan ƙaramin kofin shayi na gilashi, ya ƙara fetur, ya girgiza, ya ajiye a kan bonet. Suna tsaye yashin ya kwanta a ƙasa, ruwan ya hau kansa, fetur ya tsaya a sama. Saurayin ya ɗaga kofin ya duba a hasken rana ya daɗe. Washegari da ya zo ya yi sallama.

An wanke tanki, an sa famfo da sabuwar matata. A hanyar Ubari allura ta kafe a 3.5, injin ya haura juyi 6,000 ba tare da ya yi tari ba.

Wajen biya ne aka koma gidan jiya. Saurayin ya biya kuɗin kaya ba musu, amma a ladan aiki ya zaftare kusan kashi ɗaya cikin uku, hujjarsa ita ce ai ɗan tiyo ne da famfo kawai, aikin awa biyu. Waɗanda suka sayar masa da kwayil shida da ba ya buƙata kuwa ya biya su cif, domin ya ga kaya a kwali. Wannan halin ba na Larabawa ba ne su kaɗai, namu ne mu ma. A garejinmu na gida, bakaniken da ya ce maka wata 'yar roba ce ka kawo abin da ya sawwaƙa, raina shi ake yi. Wanda ya girgiza kai ya ce sai an sauke injin, shi ne ya san aiki. Muna biyan ƙarfen da aka canja, ba ma biyan kwana biyun da mutum ya yi yana tunani don kada a canja shi. Sannan mu dawo muna kukan kanikawa ba su da amana, alhali mu muka koya musu inda kuɗin yake. Na taɓa ɗaga wannan maganar a shirin da masu saurare ke bugo waya, kanikawa suka cika layin, masu mota suka yi tsit.

Yaya bai ja ba. Ya karɓa, ya ba mai garejin rabonsa, ya aiko da saura ta hannun 'yan kasuwar da ke karɓar dinari a can su ba da naira a nan. Da abin da ni da ƙannenmu muka tara, an yi wa Inna ido ɗaya, ɗayan sai bayan salla.

Kafin saurayin ya tafi ya ba shi shawara biyu: ya riƙa tace mai da kyalle mai tsabta kuma kada ya bar tanki ya sauka ƙasa da kwata, sannan ya canja famfon ruwa da lagireto kafin watan Yuli, lokacin da zafin Sabha ke wuce digiri 40, domin wuyan lagireton na roba ne kuma shekarunsa ɗaya da tiyon da ya tsage. Ya yarda da maganar kyalle, ta lagireto ya ce sai ta lalace.

Bayan mako uku ya turo abokansa biyu da motocinsu. Ɗaya tana fitar da shuɗin hayaƙi in an tada ta da safe, da ta yi ɗumi sai ya ɗauke. Yaya ya ce tun daga bakin ƙofa ya fara zargin robobin bawul, amma bai taɓa ta ba. Ya ce a bar masa ita ta kwana, yana so ya tada ta da kansa da sanyin asuba.